Kututturen da Mitsugu Yake Cin Abinci

Ina cikin wanke tukunyar shinkafa wayar gida ta yi ƙara. Likita Kurihara ce, matar nan ta jami'a da mijina Mitsugu yake tara wa ƙurar furen itacen sugi. Duk ƙarshen sanyi yakan hau dutse ya saro rassan da furensu ya kusa buɗewa, ya jera su a bokitai cikin rumfar bayan gida, ya lulluɓe su da jakunkunan takarda, in ƙurar ta zuba ya ɗura a kwalabe. Su kuma can suna bin diddiginta, suna neman abin da ke cikinta da yake sa mutanen birni hawaye da atishawa duk shekara.

A lokacin kaka likitar ta zo ƙauyenmu ta ɗebi jinin mazan da ke aikin daji, wai tana so ta gane dalilin da ya sa ƙurar ba ta cika kayar da su ba. Mitsugu ne ya fara miƙa hannu, yana cika baki. A wurinsa cutar 'yan birni ce, masu hancin da bai san aiki ba. Mahaifinsa ne ya dasa rabin itatuwan dutsen nan, don haka yake ganin shi da sugi 'yan gida ɗaya ne.

"Maigidan yana kusa?" in ji likita.

"Ya hau dutse tun da safe. Lafiya dai ko?"



"Sakamakon jininsa ne ya fito. A cikin ƙurar nan akwai wani ɗan ƙaramin sinadari, ba shi ne wanda ya fi damun mutane ba, amma jinin mijinki ya ɗaura yaƙi da shi sosai. Matsalar ita ce akwai mai kama da shi a cikin ume, jiki kuma ba ya bambance su. Idan mai irin wannan jinin ya ci ume, sannan ya yi aikin ƙarfi ko ya shiga wankan ruwan zafi, maƙogwaronsa na iya toshewa. Yana ci?"

Na dubi tulun da ke ƙarƙashin kanta. Na mahaifiyata ne. Duk watan Yuni nake cika shi da ume, 'ya'yan itacen bayan gidanmu masu tsami, da gishiri da jan ganye, kuma ba a taɓa ɗaura wa Mitsugu abincin daji babu ɗaya a tsakiyar curin shinkafarsa ba.

"Kullum yake ci," na ce. "Tun aurenmu. Yau ma na sa masa. Jiya aka cire masa haƙori, sai na zare ƙwallon na dama naman cikin shinkafar don kada ya wahala."

"To, da sauƙi," ta ce, muryarta ta saki. "Mutumin da kullum yake ci yana hawan dutse bai taɓa jin komai ba, mai yiwuwa a jini kawai abin ya tsaya. Ki dai kawo mini shi. Amma in kin taɓa ganin fatar idonsa ta kumbura ko muryarsa ta dishe, ki kwantar da shi, ki ɗaga ƙafafunsa, kada ki bari ya taka, ki kira motar asibiti."

Na yi mata godiya na aje wayar. Ita hankalinta ya kwanta, nawa bai kwanta ba. Na tuna wani yammaci bara waccan da ya fito daga wanka idanunsa sun yi suntum, ya ce zuma ce ta harbe shi. Na kuma tuna yadda a 'yan shekarun nan yake shiga banɗaki ya saki ruwa, yana zaton ƙarar ruwan tana rufe atishawarsa. Na daɗe da sani, na ƙyale shi da girman kansa. Na kira wayarsa, ba ta shiga ba. A kwarin can dama ba ta shiga, sai an sauko wajen gada.

Na ɗauki 'yar akori-kurarmu na kama hanyar daji. Rana ta take tsaka, iska na kaɗawa, ƙurar tana tashi daga kan itatuwa rawaya-rawaya kamar hayaƙin murhu. Ina tuƙi ina yi wa kaina faɗa. Tsohuwa da ciwon gwiwa, za ki je ki tarar da shi yana sakace, ya yi miki dariya har shekara ta zagayo. Duk da haka ban rage gudu ba.

Inda hanya ta ƙare na aje motar na hau da ƙafa. Na san wurin cin abincinsa, wani faffaɗan kututture da mahaifinsa ya sare tuntuni. A can muke zama lokacin da gwiwata ke barina in taya shi aiki. Na tarar da ƙyallen abincin a ninke, da gorar shayinsa, shi kuwa babu shi.

A gefen kututturen akwai rami, an rufe bakinsa da ɓawon itace. Ban san me ya sa na ɗaga ba. Ume ne a ciki, cike da ramin. Na ƙasa sun bushe sun yi farin gishiri, na sama har yanzu jajaye ne. Ko ɗaya ba a gatsa ba. Nawa ne, ko a duhu na san kalar ume na. An jera su a tsanake, ba jefawa aka yi ba.

Sai da na ɗan jima a tsugune kafin abin ya shiga kaina. Ashe ba ya ci. Ya daɗe yana zare shi daga tsakiyar shinkafar yana ɓoyewa, ni kuma na gaya wa likita kullum yake ci. Yau kuwa babu abin zarewa, domin da hannuna na dama shi. Na warware ƙyallen, na ga curi ɗaya ne ya rage cikin ukun da na ɗaura. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

"Baban Rie," na kira shi da sunan 'yarmu. Muryata ta fito 'yar siririya. Na sake kira da ƙarfi, dutse ya maido mini da ita.

Na bi sawun takalminsa a kan ragowar ƙanƙara, ina kama saiwoyi ina jan jiki. Can sama na hango damin rassa a yashe, shi kuma yana jingine da itace. Fatar idanunsa ta kumbura har ta rufe su, wuyansa ya yi ja, numfashinsa na fita da fito.

"Wa ya aiko ki?" ya ce. Muryar ba tasa ba ce, a dishe take kamar ta tsohon zakara.

"Kwanta."

"Zuma ce ta..."

"Zumar gidanku. Da sanyin nan? Na ga ramin, Baban Rie. Kwanta na ce."

Ya yunƙura zai miƙe, wai zai iya sauka da ƙafarsa. Na danne kafaɗarsa har ya kwanta, na jawo damin rassan na ɗora ƙafafunsa a kai, na lulluɓe shi da rigata. Na duba waya, babu layi. Dole in bar shi in sauka gada. Wannan ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Ya riƙe bakin wandona, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"In ka tashi daga nan ban yafe ba," na ce masa, na juya.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai san na faɗi, na tashi, na bar takalmi ɗaya a hanya. A bakin gada wayar ta shiga. Mutumin da ya ɗauka yana ta ce mini in yi magana a hankali, ni kuwa ina ji kamar in shaƙe shi. Ya ce za su turo jirgi mai saukar ungulu da likita a ciki, ya sauka a filin tsohuwar makaranta, 'yan kashe gobara na ƙauye su hau dutse da likitan.

Komawar ta fi saukowar tsanani, domin ban san abin da zan tarar ba. Tun daga nesa nake kasa kunne ko zan ji fiton nan, ina roƙo a zuciyata kada ya daina. Can sai na ji shi. Na rarrafa na zauna kusa da kansa, ina kallon leɓɓansa suna komawa shuɗi-shuɗi, ina yi masa masifa don kada ya yi barci. Na zagi girman kansa, na zagi itatuwan mahaifinsa. Ina cikin zagin suka iso, likitan ya soka masa allura a cinya ta kan wando.

Washegari a asibiti idanunsa suka buɗe. Likita Kurihara ta zo, ta sunkuyar da kai ta ba ni haƙuri a kan kwantar mini da hankali da ta yi. Na ce ba ita ta yi ƙarya ba. Da ta fita na ja kujera.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar zumar nan," ya ce yana kallon silin. "In na ci, maƙogwarona sai ya riƙa ƙaiƙayi."

"Da ka ga na dama fa? Ba ka da hanci ne?"

"Yunwa nake ji. Na ce ɗan kaɗan ba zai yi komai ba."

"Bakinka ciwo yake da ba za ka gaya mini ba?"

Ya juyo ya dube ni.

"In na faɗa, daina yi za ki yi. Tulun mahaifiyarki ne. Ke kuma duk shekara ba na ganin kina waƙa sai ranar da kike shanya su."

Na so in ci gaba da faɗa, faɗan ya ƙi zuwa.

Da Yuni ya zo itacen bayan gida ya yi 'ya'ya har rassa suna taɓa ƙasa, na bar su suka zube. Yanzu shinkafa da kifi nake ɗaura masa, allurar gaggawar da asibiti ta ba shi tana aljihun gaban rigarsa. Kullum in ya dawo yakan ce lafiya lau tun daga bakin ƙofa. Ni kuma ba na amsawa sai na ja shi gaban taga na dubi idanunsa.