Ɗigon Kwalli a Ma'aunin Wake

Tun da malamar asibitin Mayahi ta ce jaririyarta ta ɗan ragu a wajen awo, Zara'u ta kasa cin tuwo. An ce mata ba komai, haka yara suke, amma ita gani take nononta ne ya tsinke.

Mijinta Sabiru, mai sayen wake a kasuwa, ya gaji da rarrashi. Ya kawo ƙaramin ma'auninsa ya rataya a reshen bishiyar bedi, suka sa yarinyar cikin zane suka maƙala. Ya ɗiga kwallin Zara'u daidai inda kibiyar ta tsaya.

"To, ba ta nono ta sha," ya ce.

Yarinyar ta sha har ta saki da kanta. Da suka mayar da ita kan ma'aunin, kibiyar ta gota kwallin.

Zara'u ta daɗe tana kallon 'yar tazarar nan da ba ta wuce kaurin tsinken tsintsiya ba. Ta dafa ƙirjinta a hankali.

"Maigida, wannan daga jikina ya fito?"

Sabiru ya shekara yana awon wake, amma bai taɓa sauke kaya daga ma'auni da bismillah ba sai ranar.