Jakin da Abdulgani Ya Kawo

Tun daga bakin burtali warin ya tari Sirajuddeen. Shi kuwa ba baƙon wari ba ne. Malamin daji ne da ya daɗe yana ciyar da ungulaye da mushe, hancinsa ya san bambancin saniyar da ta kwana ɗaya da wadda ta kumbura ta fashe. Amma warin yau akwai wani ɗaci a cikinsa, irin na maganin ƙwarin da ake barbaɗawa a gonar shinkafa. Ya kafe babur ɗinsa a gindin wata kirya, ya toshe hanci da hularsa, ya shiga da ƙafa.

Gandun dajin da yake kula da shi yana can bayan Malisa, kuma ba wani babba ba ne. Ba giwa, ba zaki, gada ma sai an yi sa'a. Abin da ya rage masa na nunawa shi ne ungulayensa, waɗanda mutanen yankin ke kira kolo. A da ai ungulu ba abin nema ba ce, tana kan rufin mahauta, tana kan juji, har ta gundiri mutane. Sai masu sayen kawunanta don kai wa bokaye suka bi ta gari-gari har suka ƙarar. 'Yan da suka tsira suka tattara a dogayen kukoki da giginyun wannan daji suka yi sheƙa. Saboda su Sirajuddeen ya ɓata da masu gawayi, saboda su yake share hanyar tare gobara duk kaka. Daga baya ya share wani fili a tsakiyar dajin, ya bi rugage yana roƙon Fulani duk wanda dabbarsa ta mutu ya kawo nan, don kada yunwa ta kai tsuntsayen inda za a kashe su.

A wannan filin ya tsaya yanzu, kuma da ma bai karya ba ya fito. Jaki ne kwance a tsakiya, an feɗe shi, an tsaga cikinsa. Kewaye da shi ungulaye ne birjik, wasu a kife, wasu fukafukai a baje, babu wadda ke da kai. An guntule kawunan, an guntule ƙafafun, an bar gangar jikin nan tana tsiyayar da wani ruwa kore. Ga wata dila can gefe ta sandare da kumfa a baki. Har ƙudajen da suka sauka kan jakin sun mutu, sun taru baƙi ƙirin a cikin haƙarƙarinsa. Sirajuddeen ya juya ya dafa itace, ya amayar da kokon da ya sha.

"Malam, ka gani ko?"

Sambo ne, dattijon rugar da ke bakin dajin, wanda ya fi kowa kawo masa mushe. Idanunsa sun yi ja.

"Karena ma ya tahi. Ya lasa kaɗan, bai kai gida ba. Abdulgani na yak kawo jakin ga jiya da hantsi, shi da mutum biyu, da buhunna. Ni ina cewa aikinku na da kunka saba."

Abdulgani dillalin fatu ne daga Kalgo. Watannin baya ya fara kawo mushen dabbobin da ya feɗe, ba a roƙe shi ba, yana cewa shi ma yana son lada. Bakinsa zaƙi kamar an jiƙa shi da zuma. Sirajuddeen ya sha yabonsa a gaban mutane, ya nuna masa inda ake ajiye mushe da lokacin da tsuntsayen ke sauka. Ashe mutumin darasi yake ɗauka.

Ya buga waya ofishinsu. Wanda ya ɗauka ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko an sare itace. Da ya ji ba a sare ba sai ya ce to alhamdulillahi, za a duba. Sirajuddeen ya kashe wayar ya nufi gidan mai garin ƙauyen da ke kusa da dajin, shi da Sambo.

An aika kiran Abdulgani, kuma kada ka ce ɓuya ya yi. Bayan azahar sai ga shi kan babur, cikin farar shadda mai sitaci, turare na tashi. Ya durƙusa ya gaida mai gari, ya bi dattawan zauren ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan Sirajuddeen ya miƙo hannu da fara'a. Sirajuddeen ya dubi hannun. Duk wankan da aka sha, ƙarƙashin faratan akwai busasshen jini. Bai karɓa ba.

"Ranka shi daɗe, ni ban ɗauki na kowa ba," in ji Abdulgani. "Jaki nau na, kuma inda Malam yac ce a kai mushe nan nik kai. Kolo kau ba dabbar wani ta ba."

"Dokar ƙasa ta hana kashe su," in ji Sirajuddeen. "Kuma ka zuba dahi cikin daji inda shanu ka kiwo. Ranka shi daɗe, tsuntsayen ga su kaɗai sunka rage duk ƙasag ga."

Mai gari ya gyara zama, ya yi murmushin da manya ke yi wa mai ƙaramin hankali.

"Malam Siraju, yanzu kan kolo za mu ɗaure mutum mai iyali? Tsuntsun da ko yanka shi ba a yi? Maganar dahi dai ka yi gaskiya. Abdulgani, ka ba Sambo haƙuri kan karenai, kuma kar ka ƙara zuba magani kusa da burtali."

Dattawa suka gyaɗa kai, an yi adalci. Abdulgani ya ba Sambo haƙuri har da dafa ƙirji. Sannan ya juyo ga Sirajuddeen, kuma abin takaicin shi ne ba ba'a yake yi ba, har zuciyarsa yake magana.

"Malam, kar ka damu, ban kwashe duka ba, na bar iri. Kuma wallahi mun gode. Da can sai mu yi mako muna biɗan guda ba mu samu ba. Kai kat tara muna su wuri guda. Allah shi saka ma."

Zauren ya ɗauki dariya. Aka shigo da balangu a takarda, wanda Abdulgani ya sayo a hanya don a ci a wanke zukata. Sirajuddeen ya ga yatsun nan na Abdulgani sun shiga cikin naman suna juya shi a yaji. Ya miƙe ya fita ko sallama bai yi ba.

Yana ƙoƙarin tada babur sai ɗaya daga cikin dattawan, Malam Habibu, ya biyo shi waje. Mutum ne mai furfura da tabon salla a goshi, wanda Sirajuddeen ke gaidawa da girmamawa tun zuwansa yankin. Ya ɗauka jaje zai yi masa. Dattijon ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗana, in an sake kawo mushe ka shaida min. Ni ba na sayarwa nika so ba. Kan kolo guda kawai, ƙanenka ya daɗe yana biɗan aiki ba a dace ba."

Sirajuddeen ya dube shi. Ƙyama ce ta cika shi, irin wadda mushe bai taɓa sa masa ba. Nan ya gane cewa ba Abdulgani kaɗai ba ne. Yanzu duk wanda ke zauren ya san filin, ya san yadda ake yi, kuma kowa na da ɗa mai neman aiki.

Da la'asar suka koma dajin da Sambo, ɗauke da shebur da galan na fetur, don su ƙone jakin da gawarwakin su binne. Suna cikin haƙa rami sai inuwa ta gifta. Ungulayen da suka rage ne, waɗanda ke kwance kan ƙwai jiya ba su sauka ba. Ba su da yawa, yatsun hannu biyu sun ishe su. Sun hango mutumin da ke kawo musu abinci, sai suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suna tafiyar nan tasu ta tsalle-tsalle, suna nufar jakin.

Sirajuddeen ya kaɗa musu hannu ya daka tsawa. Suka ɗan matsa gefe suka tsaya suna kallonsa, wuya a lanƙwashe, suna jira ya gama ya ba su wuri. Shekaru ya yi yana zama nesa shiru, yana matsowa kaɗan-kaɗan, kafin su yarda mutum ya tsaya kusa da su haka.

"Sambo," ya ce, bai waiwaya ba, "daga yau in dabba ta mutu ku gina rami ku rufe. Ka hwaɗa ma sauran rugage. Kar a sake kawo komi nan."

"To mi za su ci, Malam?"

"Su tai nesa su biɗa. Kowa yag ga sun sauka ƙasa shi kore su."

Wata babba mai ruwan toka a wuya ta tako har kusa da shebur ɗinsa. Ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya auna ta sosai, ya jefa. Dutsen ya same ta a fiffike. Ta yi tangal-tangal, ta tsaya ta sake dubansa, ba ta tashi ba.

"Malam, kolonka na hwa!" in ji Sambo.

Sirajuddeen ya ɗauki wani dutsen da ya fi na farko girma. Hawaye na zuba, yana zaginsu da ƙarfi, yana bin su da jifa har bakin filin, har ta ƙarshensu ta ɗaga da kyar ta haye can saman kuka inda hannunsa ba ya kaiwa. Bai bar filin ba sai da ya tara tulin duwatsu a gindin itace, saboda ya san gobe da safe za su sake sauko masa.