Taku Uku Daga Salansa

…uku, in ji shi. Wai hanya uku ce a gabanmu nan da shekara ashirin da biyar, mu direbobin Kwanar Dangora. Malam Mas'ud sunansa, daga jami'a, ya kafa allo a rumfar ƙungiya yana nuni da tsinke. Ko motocin iskar gas, ko na lantarki, ko jirgin ƙasa ya kwashe fasinjan Kano kaf. Lantarki! Mu da ko cajin waya sai an kai shago — to, Allah ya nuna mana.

Ashirin da biyar… Yaya Hamdiyya, ke da likita ya kasa ce mini komai kan ko za ki ga damina mai zuwa.

Tarin nan naki. Jiya ko kunu bai zauna ba.

"Kafin duk wannan," Malam yake cewa, "akwai abin da ba sai an jira gwamnati ba. In kuna lodi, ku kashe mota."

Dariya ake. Balarabe har da buga cinya. A kashe? Wa zai tura? Tawa in ta mutu sai ƙarti huɗu. Da sassafe nake tayar da ita a gangare can Kiru, ba na ƙara taɓa makulli sai magariba. Haka maigidana ya koya mini, haka kowa yake —

Ranar da kika fita takaba, da kaina na zo na ɗauki kaskonki. Yaya, taso, zama ba naki ba ne. Kafa murhunki nan, daidai bayan motata, fasinja na jiran lodi suna sayen ƙosai. Har sa'insa na yi da wani direba, Ja'afar, kan wurin. Ni na auna shi da ƙafata. Taku uku daga salansa.

Shekara goma sha shida.

Malam ya juya takarda. Hoton huhu, ɗaya ja, ɗaya baƙi ƙirin. Wai na zaune ƙasa-ƙasa shi ya fi shaƙar hayaƙin mota… kujerarki 'yar tsugunno ce. Mayafinki kullum warin baƙin mai, ina tsokanarki wai kin zama kwandasta. Kina dariya kina tari. Na ce hayaƙin itace ne. Itace ne ai, ko? Mata nawa ke suya da itace? Likita ma bai ce — bai dai tambaya ba.

"Wa ke son gas? A ɗaga hannu."

Nawa ya ƙi tashi. Wallahi tsoro nake ji.

Anjima zan shigo da maganinki. Za ki yunƙura ki tashi zaune, ki ce Shitu, ƙanena, ba don kai ba da me zan ciyar da marayun nan, Allah ya yi maka albarka. Kullum sai kin faɗa. Kullum in ce amin…

Yau da wane baki, Yaya?