Toka a Ƙarƙashin Gansakuka

Jan tanti ko makaho zai hango shi daga sama. Na Eilif kore ne, launin gansakuka, kuma ubansa ne ya zaɓa masa shi da hannunsa. Shi ya sa jirgin masu ceto ya gaji da shawagi a kan dajin Svartlia bai ga komai ba sai kawunan itatuwa. Karnuka ma sun yi nasu, ruwan sama ya ɓatar musu da sawu. Daga ƙarshe shugaban masu neman ya tsaya a ƙofar gidan uban Eilif, tsoho Asgeir, ya cire hula, ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Asgeir ya yi masa godiya, ya shiga ɗaki ya ɗaura takalman hawan dutse.

Eilif ba yaro ba ne, ya ba arba'in baya. Masana'antar katakon da yake aiki aka rufe, matarsa ta kwashe yara ta koma birnin Oslo, shi kuma wata safiya ya saɓi jaka ya ce wa ƙanwarsa Solrun zai hau tsauni ya sha iska. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi. A ƙasar nan kowa na da ikon kafa tanti inda ya ga dama, in dai ba a bakin ƙofar wani ba, ya kwana biyu ya ƙara gaba. Sai dai tun ganye na kore ya tafi, ga shi ganyen ya zube, rediyo kuma ta ce dusar ƙanƙara na tafe. Wanda ta riska a saman nan da tanti marar kauri, sai dai a nemi gawarsa in ta narke.

Tun da safe uba da 'ya suke hawa, suna tsayawa suna kwaɗa kira, dutse yana mayar musu da sunan.

"Baba, ka tsaya ka huta mana," in ji Solrun. "In ka faɗi a nan ba mai goya ka."

"Ki ji da kanki. Tun daga ƙasa nake jin numfashinki kamar zugazugi. Zaman ofis ya gama da ke."

"Ofishin ne dai ya zuba mai a motar da ta kawo mu."

Ya ci gaba da hawa. Gwiwoyinsa sun daɗe suna yi masa gardama, amma ba a gaban yarinyar da ya koya wa ɗaura igiyar takalmi zai amsa ba.

Wajen tsakar rana suka faɗo wani fili a bakin tafki. Solrun ta ruga a guje.

"Baba! Zo ka gani!"

An jera duwatsu an hura wuta har sun yi baƙi ƙirin. Ga gwangwanin kifi a gefe, ga guntun igiya a wuyan itace, an ma buga ƙusa a jikinsa don rataye kaya. Kallo ɗaya Asgeir ya yi wa wurin.

"Ba shi ba ne."

"Ko dubawa ba ka yi ba!"

"Me zan duba? Wannan aikin 'yan birni ne, masu zuwa daji da kujera. Ɗana ba ya kwana a wuri a gane."

Da alfahari maganar ta fito, irin wanda ya saba yi a gaban abokai, sai da ta fita ya ji ɗacinta. Solrun ta juyo, idanunta sun kaɗa.

"To ai sai ka ji daɗi. Ka manta ranar da ka mayar da shi tun daga bakin titi har saman nan saboda murfin kwalbar da ya yar? Yana kuka kana tasa shi a gaba. Kai ka koya masa ɓacewa, Baba, ga shi ya iya. Ya fi malaminsa ma."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gaskiya ta faɗa. Shi ya koya wa yaron kada ya jera dutse, kada ya karya ɗanyen reshe. In zai hura wuta ya yanka gansakuka da wuƙa ya ɗaga ta kamar faifai, ya tona har ya tarar da tsakuwa, ya yi 'yar wutar da za ta tafasa gahawa kawai, in ya gama ya mayar da murfin. Ko ciyawar da tanti ya kwantar sai an bi ta da yatsu an tayar. A lokacin gani yake tarbiyya yake bayarwa.

Daga nan ya daina neman sawu, tunda ya san babu. Sai ya tambayi kansa inda shi zai kwana in shi ne. Wurin da dutse ya tare iska, kusa da ruwa amma ba a bakinsa ba, inda hantsi zai bushe raɓar tanti. Suka bar tafkin suka bi wani rafi sama, har suka kai gindin wani falalen dutse da ya yi rumfa.

"Nan ma babu komai," in ji Solrun, ta zube a kan jakarta.

Babu komai ɗin ne ya tsayar da shi. Ko'ina a dajin nan busassun ƙirare ne zube a ƙasa, nan kuwa ko ɗaya babu, wani ya tsince su tas. Ya durƙusa da ƙyar yana shafa ƙasa, har yatsansa ya faɗa wata 'yar tsaga miƙaƙƙiya wadda wuƙa ce kaɗai ke yin irinta. Ya ɗaga gansakukar. Toka ce a ƙasa, an yayyafa mata ruwa. Ya tura tafinsa har ya taɓa tsakuwar da ke ƙarƙashi.

Da ɗumi.

"Yana raye!" Solrun ta dafa tsakuwar ita ma, tana dariya hawaye na zuba. "Baba, yana raye! Yau ɗin nan ya tashi daga nan!"

Asgeir bai tashi ba. Daga inda yake durƙushe yana hango tafkin da suka baro, da duk hanyar da suka hawo suna kira. A wuri irin wannan ko tari aka yi a ƙasa sai an ji. Solrun ta bi idonsa da kallo, dariyar ta mutu a fuskarta.

"Ya ji mu," ta ce.

"Ya ji mu. Bai ma yi sauri ba, dubi yadda ya daidaita bakin yankan."

Ta miƙe ta fuskanci itatuwa. "Yaya Eilif! Don girman Allah ka fito! Ba wanda zai tambaye ka komai! Ka zo mu tafi gida kawai!" Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Ko tsuntsu bai tashi ba.

Tsoro ya kama Asgeir, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka binne matarsa. Wanda ya ɓata ana sa ran samunsa. Wanda ya san daji kamar tafin hannunsa kuma ba ya so a gan shi, ko duk mutanen ƙasar aka tara ba za su kamo shi ba.

Ya buɗe jakarsa. Ya fito da rigar ulu mai kauri da burodi da cuku ya ɗora a kan dutse. Sannan ya ɗauki takardar da aka naɗe burodin, ya daɗe yana riƙe da ita, ya sake ta ta faɗi ƙasa.

"Me kake yi haka?"

"Bai taɓa iya wuce shara ba. Ko ta wani ce sai ya sunkuya ya ɗauka." Ya saɓi jakarsa. "In ya ɗauki wannan zai hango ta gaba."

Haka suka kamo gangara. Tsohon da bai taɓa yar da ko tsinken ashana a daji ba yana tafe yana zubar da kaya, kowanne a inda za a hango shi daga na baya. Murfin fulas, leda, ɓawon lemo, safar hannun Solrun. Suka buɗe gwangwanin kifi suka ci a tsaye ba don yunwa ba, Asgeir ya ajiye gwangwanin a tsakiyar hanya. Kayan jakar suka ƙare, titi kuwa ko alamarsa babu tukuna.

Iska ta kwanta. Wani farin abu ya sauka a hannun rigarsa, wani ya biyo.

"Yana biyo mu?" Solrun ta tambaya, ba ta yarda ta waiwaya ba.

Asgeir ya juya. Gwangwanin na nan inda ya bar shi, dusar ta fara cika shi.

"Mu ɗan ƙara jira," ya ce.