Wayar Auta a Aljihun Mahauci

…ga kuma wayar nan sai zillo take a aljihunsa tun safe, kamar an ɗaure ƙwaro a leda. Wayar ɗansa Auta ce. Shi ya ƙwace ta jiya, kuma ko kashe ta bai iya ba.

Yana saran haƙarƙari a kan gungume. Ƙashi dai ba ya gardama. Ɗinki aka yi wa ɗan tela maƙwabcinsu a goshi. Auta ne ya rotsa shi da katako a bakin famfo, yaron da suka tashi tare, kusan tare aka yaye su… Auta fa. Autan da in ya ga kyankyaso sai ya haye kujera.

Gem ne, in ji uwar yaran. Tun da ta buɗe ido take nanatawa, gem ɗin harbe-harben nan ne, ai na gaya maka. Yaya Babba, wan shi mahaucin, ma bakinsu ɗaya, ya ce a jefa wayar a masai kowa ya huta. Malamar ajinsu ce kaɗai ta ce a bi a hankali, wai masu bincike a kan gem ma kansu bai haɗu ba — wasu sun ce gem ke sa wa yaro zafin zuciya, wasu sun ce mai zafin zuciyar ne ke neman gem. To shi wanne zai ɗauka ya kai gida?

Wata mai kwando tana son hanta. Ya yanka, ya ɗora a sikeli, ya ƙara mata ɗan kitse. Hannu ya san aikinsa, ba ruwansa da abin da ke cikin kai.

Ya taɓa leƙa gem ɗin ta bayan kafaɗar Auta. Mutum na gudu cikin wani kango, aka harbe shi, jini ya wanke fuskar waya… can sai ga shi ya miƙe garau, ya ci gaba da gudunsa. Dariya ma abin ya ba shi a lokacin. Wannan ne jini? Shi da tun bai kai Auta ba yake danne wa babansa ƙafar bijimi a mayanka, jini mai ɗumi har gwiwar hannu, dabba tana shure-shure a tafinsa har ta daina — kuma har yau bai taɓa marin ɗan wani ba. In kallon jini ke lalata mutum, ai da shi za a fara.

Amma bijimi ba ya tashi. Nan fa ɗaya… Wanda ka kayar ya kwanta ke nan, kuma sai ka ambaci sunan Allah kafin ka sa wuƙa, ka san rai za ka cire. Wancan kuwa? Yaro ya yini yana kisa yana cin biskit.

Ko kuwa shi ma nema yake ya samu inda zai jingina laifin? Waya ba ta da baki, ga ta da daɗin tuhuma. Wa ya saya masa? Shi. Don me? Don ya zauna a ɗaki, kada ya bi 'yan bakin titi. Ya kuwa zauna. Ya zauna har aka manta yana gidan.

Tela bai ɗaga murya ba a asibiti, wannan ya fi komai ciwo. "Ba komai, maƙwabci, yara ne." Yana faɗa yana kallon bango.

Ƙudaje sun yanyame cinyar da ya rataye. Ya kaɗa su da tsumma, ya sauke ta, ya fara fiɗar tsoka.

Auta a tsakar gida jiya, jinin wani a rigarsa, kowa na zuba a kansa — uwarsa, Yaya Babba, maƙwabta ta saman katanga, gem, waya, yaran zamani. Yaron ya buɗe baki. Shi yana tune sarai, yaron ya buɗe baki ya ce, "Baba, ai shi ne ya…" Shi kuwa sai ya miƙa hannu ya ce kawo wayar.

Shi ne ya me?

Wuƙar ta tsaya cikin nama. Zagi? Duka? Tun yaushe? Gida cike da manya, aka yini ana shari'ar waya, babu wanda ya ce ƙarasa maganarka. Wataƙila ma ƙarya zai shirga, yaro ne. Wataƙila. Amma bai ji ba…

"Mai nama, lafiya dai?"

Wani dattijo ne tsaye, da alama ya jima. Shi kuwa ya ce lafiya lau, Baba, tsoka ko da ƙashi?

An kusa tashi daga makaranta. Auta zai dawo ya shige ɗaki, hannu wayam, ya kama kallon silin. Ta ina ma ake fara wa yaro irin wannan tambayar? Shi da rabon da ya ce masa wani abu wanda ba aike ba…