Takardar Ɓarna ta Oga Bernard

Shekara huɗu Hansatu tana haya a gidan Oga Bernard da ke bayan kasuwar Gudu, ko ƙusa ba ta taɓa bugawa a bango ba sai ta tambaya. Ranar da ta tare ta ba shi naira dubu ɗari biyu, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, ya mayar in mutum ya tashi bai lalata komai ba. Yanzu ga tashin ya zo. Ta samu ɗaki mai rahusa a Mararaba, dillali kuma ya ce in ba ta cika kuɗi kafin ƙarfe huɗu na Juma'a ba, wani zai bai wa. Da kuɗin ajiyar nan take sa ran cikawa.

Da safiyar Juma'ar Oga Bernard ya zo, tabarau a kan hanci, ya miƙa mata takarda. Mutum ne mai son rubutu, da da hali, ko gaisuwa ma sai ya buga wa hatimi. Bango ya tsage, in ji takardar. Famfo na yoyo. Tayil bakwai sun fashe. Da ya haɗa lissafinsa, shi ne ma yake bin ta dubu tara, amma ya yafe saboda Allah.

"Oga, wane bangon ne ya tsage?" ta tambaya.

"Madam, ka karanta, komai yana ciki. Caution fee, kuɗin ajiya, ya tafi."

Ya fita. Ta zauna kan akwati ta yi kuka mai isarta, don ba ta da inda za ta kai kayanta.

To amma irin su Oga Bernard ba sa barin ɗaki ya kwana ba mai biya. Kafin azahar sai ga shi da wata malamar asibiti, Prudence, ta zo duba ɗakin. Bai ko kalli Hansatu ba, ya hau talla.

"Sister, duba da kanka. Bango kamar jiya aka yi. Famfo ko ɗigo babu. Tayil duka lafiya. Ka biya yau, ka shiga gobe."

Hansatu ta share fuska ta miƙe.

"'Yar'uwa, kafin ki biya, karanta wannan. Sa hannunsa ne, kwanan watan yau ne."

Prudence ta karanta da ƙarfi, layi-layi, ba ta tsallake ko tayil ɗaya ba. Sannan ta mayar da wayar da ta ciro don biyan hayar cikin jaka.

"Oga, if gidan ya lalace haka, sai ka gyara kafin na biya. If bai lalace ba, why ka riƙe kuɗinta? Haka za ka yi min ni ma?"

Oga Bernard ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Hayar shekara guda, miliyan ɗaya da rabi, tana shirin fita ta ƙofa a kan idonsa.

"Typing error ne," in ji shi.

Ya juya wa matan baya yana danna waya, gumi na bin wuyansa. Can wayar Hansatu ta yi ƙara: saƙon banki, kuɗin ajiyarta sun shigo. Ta ƙirga sifilin sau biyu, daɗi ya cika ta. Nan a gabansa ta kira dillali.

"Malam, kada ka ba kowa ɗakin nan. Ga ni nan tafe da kayana."