Muƙamuƙin Bayan Aji Shida

Magina na haƙa ramin tankin ruwa a bayan aji shida, sai shebur ɗin ɗayansu ya ci karo da wani abu mai tauri. Kafin a dawo daga hutun tara, abin ya iso teburin malamar kimiyya. Muƙamuƙi ne na ƙasa, ya kusa kamu guda, ya yi jajir saboda daɗewa a binne, ga haƙora a jere kamar an dasa su.

"Dainaso ne, Malama!" in ji yarinyar da ake kira Lauya, don ba a taɓa kayar da ita a musu ba. "Irin ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da, ta shafin ƙarshe na littafinmu."

Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Malama ta juya ƙashin a hannunta. Ta san ba dainaso ba ne, amma ko na wace dabba ne, ba za ta rantse ba. Sai ta lura har Sarkin Barci, yaron da ke kwana a bencin baya, ya tsallako gaba yana ture mutane don ya gani. Tun da ta fara koyar da su ba ta taɓa ganin haka ba.

"Ni ba zan faɗa muku ba," ta ce. "Akwai gidan adana halittu a tsakiyar gari. Can za mu kai shi, ku gano da kanku."

Sai da maganar ta fita sannan ta tuna ba ta tambayi kowa ba.

Hedimasta bai bari kwalin da ta sako ƙashin ya hau teburinsa ba. Daga nesa ya leƙa, ya ja da baya.

"Malama, mushe ne fa. A jefa shi shara, a wanke wa yara hannu da sabulu."

"Yallaɓai, na riga na yi musu alkawari."

"To ki warware. Rabon da makarantar nan ta fita da yara, ɗaya ya ɓace mana a tasha rabin yini. Har yau in na hango uwarsa, hanya nake sauyawa."

Ba ta tashi ba. Ya buɗe fayil, ya rufe, ya duba agogo, tana nan zaune da kwali a cinya. Can dai ya ce in ta samo mota mai lafiya, da babban mutum da zai taya ta tsaron yara, kuma mutanen gidan suka yarda a shigar musu da wannan ƙazanta, zai sa hannu. Ya faɗa yana murmushi, don ya tabbata ba za ta samu ba.

A gida ma tun daga bakin ƙofa aka tare ta.

"Mene ne a kwalin?" in ji Inna.

"Aiki ne, Inna."

"Aikin ne yake da haƙora? Wallahi ba zai shigo mini ɗaki ba."

A saman kejin kaji ƙashin ya samu masauki. Yayanta, wanda ke tuƙa bas ɗin ma'aikatan wata masana'anta, yana tsakar gida yana wanke ƙafa, ya yi dariya har ya zubar da buta.

"Auta, duk karatun nan da kika yi, ashe ƙashi za ki riƙa kawo mana?"

"Yaya, motarku ba ta aiki tsakanin safe da yamma."

Dariyar ta tsaya. Ya ce yara za su yi masa amai, su manna cingam a kujeru. Ta ce ita za ta wanke motar da hannunta, ciki da waje. Ya ce manaja ba zai yarda ba. Ta miƙa masa wayarsa da ke kan taga, ta ce ya kira su ji daga bakin manajan. Manajan ya yarda, in dai motar za ta dawo kafin a tashi aiki.

Inna, wadda ke jin su daga kicin, ta leƙo. "Wannan ne zai ja 'ya'yan mutane? Wanda ke ganin rami ya ƙara wuta? Sai dai in ina cikin motar."

Haka Malama ta samu babban mutum ba ta nema ba.

Gidan adana halittun ne ya ba ta wuya. Ta yi waya aka ce ba a shigo da komai daga waje. Ta sake kira aka ce mai maganar ba ya nan. Ranar Asabar ta ɗauki kwalinta ta tafi da kanta. Mutumin da ke teburin karɓar baƙi ya maimaita mata dokar, har ya nuna mata allon da aka rubuta ta.

"Wa ke kula da ƙasusuwa?" ta tambaya.

"Dakta. Tana ciki, kuma ba ta ganin mutane yau."

"Za ta fito cin abinci?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta samu benci a ƙarƙashin kwarangwal ɗin raƙumin dawa ta zauna. Baƙi suka shiga, suka fito. Mai shara ya share gabanta ya dawo ya sake sharewa. Rana ta take sannan wata ƙofa ta buɗe, wata gajeriyar mata mai furfura ta fito, tabarau rataye a wuyanta. Malama ta sha gabanta, ta gaishe ta, ta buɗe kwalin tun kafin a ce mata a'a.

Dakta ta ɗora tabarau. Kallo ɗaya ta yi masa. "Ai wannan na..."

"Don Allah kar ki faɗa! Ko ni kar ki faɗa mini. Fuskata ba ta riƙe sirri, yaran za su karanta."

Dakta ta dube ta ta saman tabarau. "To me kike so da ni, 'yar nan?"

Malama ta bayyana mata. So take yara su riƙe nasu ƙashin, su gwada shi da na wasu dabbobi, su yanke hukunci da kansu. Dakta ta ce na cikin gilashi ba a taɓa su, ɗakin ajiya kuwa lungu ne, ba ya ɗaukar yara.

"A fito da kaɗan nan baranda, a kan tebur."

"Kowanne da sunansa ɗaure a jiki."

"Zan zo da takarda mai gam in rufe."

"In suka fasa mini ɗaya fa?"

"Ni zan tsaya a kansu. Kuma ina zuwa da mahaifiyata. Ba ki san ta ba ne."

Dakta ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ta ce ranar Laraba, kaɗan-kaɗan za su matso, kuma kowa sai ya sa safar hannu.

Hedimasta ya sa hannu kamar ana cire masa haƙori. Malama ta raba yaran biyu-biyu, kowa ya san abokin da zai riƙe. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: Lauya ta riga ta baza wa unguwa cewa ajinsu ya tono dainaso.

"Za ta ji kunya, Inna," ta ce, suna ninke wanki.

"Ta ji mana. Ke sau nawa kika ji, kika mutu?"

Ranar Laraba Inna ta kama kujerar bayan direba, tana ja masa kunne a kowace kwana. Ba wanda ya yi amai. A baranda suka tarar da dogon tebur da muƙamuƙai a jere, kowanne an rufe sunansa da takarda. Malama ta ajiye nasu a tsakiya.

Na farko suka kore shi nan take, haƙoransa duk tsini ne. "Kada!" wani ya yi ihu, aka ɓare takarda, kada ne kuwa. Mai dogayen fiƙoƙi ma bai daɗe ba, na zaki ne. Na saniya ya ja musu sosai, sai da Sarkin Barci ya kwantar da kai a kan tebur, ya ce zanen da ke saman turamen haƙoran ba iri ɗaya ba ne. Saura biyu masu kama da juna, babba da ƙarami. Dakta ta miƙo tef na awo.

Aka auna. Ƙaramin ne ya yi daidai da nasu. Malama ta ɓare takardar.

"Jaki," wani ya karanta.

Dariya ta ɓarke, har Inna sai da ta riƙe ciki. Lauya ba ta yi ba. Idanunta sun ciko.

"Ba a auna daidai ba," ta ce.

Malama ta ji kamar ta rungume ta, amma ta daure. Ta karɓi tef ɗin ta sa mata a hannu. "To auna."

Lauya ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta ƙirga haƙoran da yatsa, ta koma kan babban, wanda ashe na doki ne, ta sake dawowa. Ta goge ido da bayan hannu.

"Jaki ne," ta ce. "Amma me ya sa haƙoran namu suka fi na wancan lalacewa?"

Dakta ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta nuna mata yadda tauna ke cinye haƙori a hankali, ta ce nasu tsoho ne tukuf, ya daɗe a duniya kafin ya mutu. Tambayoyi suka taso ta ko'ina. Me ya kashe shi? Yaushe? A lokacin akwai makarantar? Wasu Dakta ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba, sai an bincika. Da ƙyar aka janye su daga teburin zuwa babban ɗakin da kwarangwal ɗin dainaso na gaske yake, Inna a gaba, Yaya a baya yana ɗaga kai sama baki buɗe.

Malama ta tsaya tattara safar hannu. Sai a lokacin ta ji ƙafafunta na zogi.

"Aji nawa kike koyarwa?" Dakta ta tambaya.

"Akwai 'yan aji biyar. Tun jiya suka daina gaishe ni don ban zo da su ba."

"Shugabanku zai yarda?"

"Bai sani ba tukuna," in ji Malama, tana rufe kwalin. "Ki bar mana teburin nan Laraba mai zuwa."